Daga Gwanjo Zuwa Kayan Tarihi: Waiwaye Kan Tara Tsofaffin Bindigogin Soja da Gyaransu

Tsofaffin bindigogin soja da ake tarawa a yau, galibinsu waɗanda rundunonin ƙasashe suka riƙe ne tun daga wajajen 1890 har zuwa 'yan shekaru bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kafin gwamnatoci su sallame su, su sayar a gwanjo. Akasarinsu masu sakata ne, wato bayan kowane harbi sai soja ya ja sakatar baya da hannu ta fitar da kwanson harsashi, ya sake tura ta gaba ta ɗora wani. A Amurka da Kanada da Birtaniya da Ostareliya da wasu ƙasashen Turai akwai jama'a da dama da suka duƙufa kan neman irin waɗannan bindigogi, da karanta tambarin da ke jikinsu, da gyara su. Daga 1950 zuwa yau harkar ta juya gaba ɗaya. Da fari araha ce ke jawo mai saye, gyara kuma na nufin a sauya wa bindigar kama. Yanzu tarihinta ke jawo shi, kuma gyaran da ake yabawa shi ne wanda ya bar ta kusa da yadda ta baro hannun soja.

Yadda suka yi yawa

Yaƙe-yaƙen duniya biyu ne suka cika rumbunan makamai. Rasha ta ɗauki Mosin-Nagant a 1891, aka ƙera kimanin miliyan 37, mafi yawa a masana'antun Tula da Izhevsk. Jamus ta fito da Mauser samfurin 1898, a 1935 kuma ta gajarta ta zuwa Karabiner 98k, wadda aka ƙera fiye da miliyan 14. Birtaniya ta ɗauki Lee-Enfield a 1895. Tana cin harsashi goma, sakatarta kuma na da santsi da sauri, shi ya sa sojoji suka so ta. An ƙera fiye da miliyan 17 a Ingila, da Lithgow ta Ostareliya, da Ishapore ta Indiya, da Long Branch ta Kanada, har da kamfanin Savage a Amurka. Ita ce sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 suka saɓa a yaƙin Bama, kuma 'yan sandan Nijeriya sun daɗe suna riƙe da ita bayan samun 'yancin kai.

Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka sallami miliyoyin sojoji, bindigogin suka koma rumbu. Ba a jima ba zamani ya wuce su. Tarayyar Sobiyet ta koma ga SKS da Kalashnikov, Birtaniya kuma ta maye gurbin Lee-Enfield da bindiga mai ɗora wa kanta harsashi a shekarun 1950. Ajiyar makami na cin kuɗi, domin sai an tanadi gini da masu gadi, sai an riƙa shafa mai ana dubawa. Gwamnatocin da ke fama da sake gina ƙasa sun ga gara su sayar, ko da a farashin da bai fi na tsohon ƙarfe da yawa ba.

Zamanin araha

Cinikin ya girmi yaƙe-yaƙen duniya. Francis Bannerman, ɗan kasuwa a birnin New York, ya yi suna da sayen ragowar kayan yaƙin basasar Amurka, kuma bayan yaƙin Amurka da Sifen na 1898 ya saye mafi yawan makaman da aka ƙwato. Kayan sun yi yawan da ba za a iya ajiye albarushinsu a cikin gari ba, don haka a 1900 ya sayi tsibirin Pollepel a kogin Hudson ya gina ƙaton rumbu. Kundin tallan kayansa, mai ɗaruruwan shafuka, shi ne littafin da masu tarawa na farko suka koyi sunayen bindigogi a ciki.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Samuel Cummings ne ya gaji wannan matsayi. A 1953 ya kafa kamfanin da aka fi sani da Interarms, mai rumbuna a Alexandria ta jihar Virginia da kuma Manchester, ya riƙa bin ma'aikatun tsaron Turai yana saye rumbu sukutum. Mujallun farauta na Amurka suka cika da talla. Lee-Enfield ko Carcano ta Italiya ba ta kai dala 20 ba, kuma mutum zai aika kuɗi ta gidan waya bindiga ta iso masa har ƙofar gida.

Mai sayen wancan lokaci mafarauci ne ko manomi da ke neman bindigar da aljihunsa zai iya ɗauka, tunda sabuwa ta kamfani ta ninka wannan farashi sau da yawa. Bindigar soja kuwa tana da nauyi da tsawo, katako ya rufe bututunta kusan har baki, ga maƙalin wuƙa wanda mafarauci ba ya buƙata. Sai aka shiga datse katakon gaba, a rage tsawon bututu, a cire ma'aunin saiti na soja, a huda ƙarfe a ɗaura madubin hangen nesa, a goge katako da samfefa a shafa masa fenti mai sheƙi. Mujallu sun koyar da yadda ake yi, kamfanoni irin su Parker-Hale na Birmingham kuma suka mayar da shi sana'a. A Kanada da Ostareliya da New Zealand, datsattsiyar Lee-Enfield ta ciyar da gidaje da nama shekara da shekaru. Mutanen ba su ga ɓarna a aikinsu ba, kuma ba adalci ba ne a yi musu hukunci da idon yau, domin abin da ke jibge da miliyoyi ba wanda ke tunanin zai ƙare. Sai dai kowace bindigar da aka datse ta rage yawan cikakku, wannan ragin kuma na cikin abin da ya haifar da tsadar da ta biyo baya.

Rufe ƙofa da sake buɗewa

A watan Maris na 1963 Lee Harvey Oswald ya yi odar Carcano mai madubi daga wani kanti a Chicago, ta gidan waya, a kan dala 19.95. Binciken gwamnati ya nuna da ita aka harbe Shugaba John F. Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamba na wannan shekara. An shafe shekara biyar ana muhawara kan sayar da bindiga ta wasiƙa, sai bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968 majalisar Amurka ta zartar da dokar taƙaita bindigogi. Dokar ta hana aika bindiga ta gidan waya ga wanda ba shi da lasisi, ta kuma hana shigo da ragowar bindigogin soja daga waje.

Shekara 16 ƙofar na rufe, kuma a cikinsu aka fara kallon abin da ke hannu da wani ido. Masu bincike suka shiga tsofaffin takardun masana'antu suna fitar da littattafai, irin waɗanda Ian Skennerton na Ostareliya ya rubuta kan Lee-Enfield, har mai bindiga ya gane cewa ɗan tambarin da ya so ya goge yana faɗa masa wurin da aka ƙera ta da shekarar. A 1984 majalisa ta sassauta, ta yarda a shigo da waɗanda doka ta lasafta kayan tarihi, ciki har da bindigar da ta kai shekara 50 da ƙerawa.

Sai ga rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Rumbunan Gabashin Turai suka buɗe, Mosin-Nagant ta riƙa isowa cikin akwatunan katako, ashirin a kowane akwati, ana sayar da ɗaya ƙasa da dala 100 har shekaru masu yawa. Tare da ita aka kawo Mauser ɗin Jamus da Rashawa suka ƙwato a yaƙi suka adana, da na Suwidin da Turkiyya da Yugoslabiya, da K31 ta Suwizalan. A 2003 wasu 'yan kasuwa suka saye tsohon rumbun makaman Nefal a birnin Kathmandu, mai bindigogi fiye da dubu 50, da yawansu Martini-Henry na ƙarni na 19 da ƙura ta binne. A wajajen 2020 an yi irin wannan da wani tarin daga Habasha. Ita kuwa M1 Garand, wadda sojan Amurka ya ɗauka a 1936, wata ƙungiya ce da majalisa ta kafa a 1996, mai cibiya a Anniston ta jihar Alabama, ke sayar wa 'yan ƙasa da suka cika sharuɗɗa, har da waɗanda aka dawo da su daga Filifin da Turkiyya. Ambaliyar ta biyu ta tarar da masu saye da suka fi na farko ilimi, don haka waɗanda suka tsira daga zarto sun fi yawa.

Abin da ake dubawa a jikin bindiga

Mai tarawa na yau yakan fara da lamba. Masana'antu da dama sun buga lamba ɗaya a gidan sakata da sakatar kanta da wasu sassan, domin a wancan zamani da hannu ake daidaita sashe da sashe. Bindigar da duk lambobinta suka yi daidai tana nuna ba a taɓa haɗa ta da kayan wata ba, kuma kuɗinta kan zarce na 'yar'uwarta nesa ba kusa ba.

Bayan lamba sai tambari. Kan kibiya shi ne alamar mallakar gwamnatin Birtaniya. Lee-Enfield ɗin da Savage ya ƙera tana ɗauke da rubutun da ke cewa mallakar Amurka ce, domin a ƙa'idar yarjejeniyar lokacin yaƙi aro aka ba Birtaniya. Jamusawa sun ɓoye sunayen masana'antu cikin haruffa: byf na nufin Mauser ta Oberndorf, bnz kuma Steyr ta Ostiriya. Arisaka ta Japan tana da tambarin fure, alamar mallakar sarkin ƙasar. An goge shi a mafi yawan waɗanda aka miƙa bayan saranda, don haka wadda furenta ke nan galibi ana ɗauka a fagen daga aka same ta. Finlan ba ta ƙera gidan sakatar Mosin-Nagant nata ba, da na Rasha ta riƙa gina bindigoginta, har akan ga wadda aka haɗa a shekarun 1940 kan ƙarfen da aka ƙera tun zamanin sarakunan Rasha. A ƙarƙashin murfin gindin K31 kuwa sau da yawa ana samun 'yar takarda mai sunan sojan da aka ba ita da garinsu.

Wannan karatu ya faɗaɗa abin da ake nufi da asali. Bindigar Birtaniya mai haruffan FTR ta koma masana'anta ne aka yi mata garambawul, kuma wannan ma ɓangare ne na rayuwarta. Haka Mauser ɗin da Rashawa suka wargaza, suka sake haɗawa da sassa daban-daban, suka zana sabuwar lamba: ruɗewar lambobinta shaida ce ta yaƙin Jamus da Rasha da abin da ya biyo bayansa. Wani tambarin kuma yana ɗauke da labari mai nauyi, domin kamfanin Steyr ya yi amfani da fursunonin sansanin gwale-gwale na Gusen wajen ƙera sassan bindiga. Mai tarawa na ƙwarai yana faɗin wannan yadda yake faɗin shekara da masana'anta, saboda makamin da aka yi don kisa ya cancanci a ba da tarihinsa cikakke.

Yadda gyara ya sauya

Aikin farko a kan bindigar da ta fito daga rumbu shi ne cire man ajiya, wani kakkauran giris mai launin ƙasa da ake kira kosmolin, wanda ke shiga kowane lungu har cikin katako. Ƙarfe ana wanke shi da mai narkarwa irin kananzir. Katako kuwa sai haƙuri: a sa shi a rana ko wuri mai ɗumi, man ya tsatso, a goge, a maimaita. A da wasu kan yi gaggawa da sinadarai masu ƙarfi ko ruwa mai yawa, katakon ya kumbura ya tsage. Samfefa ma yanzu ana gudunta, domin tana cinye tambarin da aka buga a katako, tana kuma zagaye gefunan da ya kamata su kasance da kaifi, ga shi abin da ta ci ba ya dawowa. Idan katako ya lotsa akan ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a danna da dutsen guga mai zafi, tururi ya ɗago wurin, amma ba a kusantar tambari. Daga nan sai a shafa irin man da rundunar ta yi amfani da shi tun farko, wanda ga Birtaniya man linsid ne, kaɗan-kaɗan da tafin hannu.

Tsatsa ma an sauya mata magani. A da akan goge ƙarfen tas a sake rina shi, sai ya fito da sheƙi amma rubutunsa ya dushe. Yanzu akan jiƙa wurin da mai, a murza a hankali da soson ƙarfe mafi laushi ko guntun tagulla. Idan ta yi yawa akan tafasa ƙarfen cikin ruwa mai tsabta, jar tsatsa mai cin ƙarfe ta rikiɗe zuwa baƙa wadda ba ta ci, a kakkaɓe garin, a shafa mai. Ko sukundireba sai an zaɓi wadda ta cika tsagin noti, domin lalataccen kan noti shi ke fara tona asirin hannun da bai ƙware ba. Masu wannan aiki sun ga isassun bindigogin da aka yi garin neman gira aka rasa ido, shi ya sa ƙa'idarsu ta zama kada a yi abin da ba za a iya warwarewa ba.

Cikin bututu na da nasa labarin. Ɗan maganin da ke gindin tsohon harsashin soja, wanda ke kunna albarushi, yana barin gishiri bayan harbi. Gishirin na jawo danshi, danshi ya kawo tsatsa cikin 'yan kwanaki. Mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ke narkar da shi, shi ya sa sojojin Birtaniya kan zuba tafasasshen ruwa ta mazurari cikin bututu. Bututun da ya yi baƙi ya rarake, galibi alama ce ta wanda ya yi harbi bai wanke ba.

Wanda ke son yin harbi da tsohuwar bindiga sai ya kai ta wurin ƙwararren maƙerin bindiga tukuna. Shi zai auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi, domin idan ta yi yawa kwanso na iya fashewa kusa da fuskar mai harbi. Lee-Enfield mai lamba 4 an yi mata kawunan sakata masu tsawo daban-daban, daga 0 zuwa 3, domin daidaita wannan tazara. Akwai kuma waɗanda ba a harbi da su sam. Springfield samfurin 1903 masu lamba ƙasa da 800,000 an samu matsala wajen gasa ƙarfensu, wasu suka zama masu saurin fashewa. Bindigar da aka buga wa haruffan DP an ware ta ne domin fareti kawai. Kwaikwayon da maƙeran Darra Adam Khel na Pakistan suka yi da hannu kuwa ƙarfensu ba shi da tabbas, kuma akan gane wasunsu da tambarin Sarauniya Victoria haɗe da shekarar da ta wuce 1901, alhali a shekarar ta rasu.

Babban abin da ke nuna juyin zamani shi ne yadda jikoki ke neman mayar da abin da kakanni suka datse. Idan katako kawai aka yanke, ana iya nemo tsohon katako da zobba da maƙalin wuƙa a mayar da bindigar kamanninta. Idan an rage bututu ko an huda gidan sakata, to ta tafi ke nan. Sassan ma sun yi wuya, har wani lokaci kuɗin gyaran kan fi abin da za a samu in an sayar. Tsada ta kuma jawo algus, domin akwai masu buga lambobi da tamburan bogi don bindigar gama-gari ta zama ta musamman. Iyakar da ke tsakanin gyara da ha'inci ita ce bayani. Wanda ya sauya sashe ya faɗa wa mai saye ya yi gyara. Wanda ya buga lamba domin a ɗauka ta asali ce ya cuci mai saye, ya kuma gurɓata shaidar da masu nazari za su dogara da ita.

Doka da gidajen tarihi

Yadda harkar take a kowace ƙasa ya danganta da dokarta. A Birtaniya mallakar bindiga mai aiki na buƙatar takardar izini daga 'yan sanda tare da ƙwaƙƙwaran dalili, don haka da yawa suna tara waɗanda aka kashe, wato aka toshe bututu aka lalata sakata, hukumomin gwajin bindiga na Landan da Birmingham suka ba da shaida. Bayan hare-haren Paris na 2015 Tarayyar Turai ta tsaurara ƙa'idar kashewar, abin da ya ƙara tsaro amma ya ƙara yawan abin da ake lalatawa a jikin bindigar. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja, har da masu cin harsashin .303 irin na Lee-Enfield, cikin jerin haramtattu ga jama'a, don haka wurin ganin tsofaffin makamai shi ne gidan tarihi, irin na yaƙi da ke Umuahia. A Ingila an rufe masana'antar Enfield a 1988, tarin samfuran bindigogin da ta adana kuma yana hannun gidan tarihin makamai na Royal Armouries a Leeds. Tsarin aikin irin waɗannan gidaje, na tsayar da lalacewa da rubuta duk abin da aka taɓa, shi masu tarawa suka koma bi.

Inda aka tsaya

Rumbunan sun kusa ƙarewa. 'Yan sintirin arewacin Kanada, waɗanda suka riƙe Lee-Enfield tun 1947, sun fara karɓar sabuwar bindiga a 2018. 'Yan sandan jihar Uttar Pradesh ta Indiya sun yi bankwana da tasu a watan Janairun 2020. Bindigogin da suka gaji masu sakata a rundunoni galibi masu sarrafa kansu ne, waɗanda dokokin yawancin ƙasashe ba su yarda a sayar wa farar hula ba, kuma tun 2001 shirin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙananan makamai ke ƙarfafa gwamnatoci su lalata rarar makamansu maimakon sayarwa. Dalilin a fili yake, domin rarar makaman zamani ta rura wutar rikici a wurare da yawa, har da Afirka. Sakamakon haka, irin waɗannan tsofaffin bindigogi su ne rukuni na ƙarshe da zai fita daga rumbun soja zuwa hannun jama'a da irin wannan yawa. Mosin-Nagant da ba ta kai dala 100 ba yanzu ta ninka sau da yawa, cinikin kuma ya koma tsakanin masu tarawa da dillalan gwanjo, ana juya abin da ya riga ya shigo.

Wannan ƙarancin shi ya tsara ɗabi'un da ake koya wa sabon shiga: ya yi karatu kafin ya saya, ya ɗauki hoton bindiga kafin ya kwance ta, ya adana duk sashen da ya cire, ya ajiye ta a busasshen wuri mai makulli bisa dokar ƙasarsa, ya kuma rubuta inda ya same ta da abin da ya yi mata, domin bayanin ya bi ta zuwa hannun wanda zai karɓa bayansa.